Ban ruwa ɗigo-ɗigo a lambun bokiti: yadda yake aiki da inda yake lalacewa

Wata bazara tafiyar ta'aziyya ta kama ni, ta kwana huɗu. Ina da bokitai tara a tsakar gidan da nake haya a Kano: tumatir huɗu, attaruhu uku, ɗaya na na'a-na'a, ɗaya na albasa mai lawashi. Daren da zan tafi na cika gorunan roba masu cin lita ɗaya da rabi, na huda murfin kowace da allura, na kifa su a gindin shukokin. Abin da na tarar da na dawo ya daɗe yana damuna. Goruna uku suna nan kusan cike, sai ɗan lotsawa da suka yi, attaruhun da ke ƙarƙashinsu kuwa ya langaɓe, ganye ya zube. Sauran shidan babu ko ɗigo a ciki, yaran gidan suka ce tun ranar farko kafin la'asar suka ƙare. Daga baya na tuna cewa shidan nan na huda musu gindi, ukun kuma dare ya yi ban samu na huda ba.

Wannan asarar ce ta sa na zauna na nemi sanin abin da ke gudana tsakanin gora da saiwa. Mutane da yawa sun ɗauka aikin duka a hujin yake, a samu allura siririya shi ke nan. Huji shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke yanke hukunci shi ne iskar da ke shiga mazubin, da tsawon da aka ɗaga shi, da tsabtar ruwan, sai kuma awo.

Kafin nan, me ya sa mai bokiti goma zai wahalar da kansa, alhali da buta ma zai iya gama ban ruwa a minti biyar? Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa a ban ruwa na kwarara kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan ne ke amfanar shuka, na feshi kashi 75, na ɗigo kuma kashi 90. Wannan lissafin gona ne, kuma wanda ke sayen jarka wajen 'yan garuwa ya san darajar kowane kofi. Amma a ganina babbar ribar mai lambun bokiti ba a nan take ba. Shukar da ke ƙasa tana iya zurfafa saiwa ta nemo danshi. Wadda ke cikin bokiti ko buhu ba ta da inda za ta je, ƙasarta ba ta wuce lita 15 zuwa 20 ba, rana tana dukan ta ta sama, tana dukan jikin robar ta gefe. Idan ƙasar ta bushe sai ta tsuke, ta rabu da jikin bokitin. Ka kwara ruwa da yamma, ka ga ya fito ta ƙasa nan take, ka ɗauka ta ƙoshi, alhali ta wannan tsagar ya bi ya wuce, tsakiya tana nan busasshiya ƙamas. Tona da yatsa ka gani.

Wannan yunwa da ƙoshi, yau fari gobe ambaliya, shi ke jawo baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin tumatir da tattasai, wanda wasu ke ɗauka cuta ce su yi ta feshin magani. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba, don ruwa ne ke ɗauke da shi daga saiwa, ruwan kuma yana yankewa. Wannan yunwa da ƙoshin ne kuma ke sa tumatir ya tsage idan ya sha ruwa da yawa bayan ƙishirwa. Ɗigo yana maganin wannan ne domin ƙasa ba ta kaiwa ga bushewar da za ta ƙi karɓar ruwa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ƙasar Sin an rubuta yadda ake binne tukunyar ƙasa cike da ruwa a gindin shuka fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ta zamani kuwa ana danganta ta da wani injiniyan ruwa na Isra'ila, Simcha Blass, wanda ya lura da wata bishiya da ta fi 'yan uwanta girma saboda wani bututu da ke yoyo a kusa da ita. A 1965 ya haɗa hannu da manoman Hatzerim a hamadar Negev suka kafa kamfanin Netafim. Abin lura a aikinsa shi ne bai dogara da ƙaramin huji ba, don ƙaramin huji toshewa yake yi. Sai ya sa ruwan ya bi doguwar hanya mai ƙunci, gogayya ta rage masa ƙarfi, ya fito a hankali ta baki mai ɗan faɗi. Mu riƙe wannan, zai dawo. Daga baya wani Ba'amurke, Richard Chapin, ya sauƙaƙe abin domin ƙananan manoma: bokiti mai lita 20 a rataye kamar mita ɗaya daga ƙasa, layin tiyo biyu, a cika safe da yamma, babu inji babu lantarki. A nan kusa da mu, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tare da Farfesa Dov Pasternak, ta yi shekaru tana yaɗa irin wannan ban ruwa mai ƙaramin ƙarfi ga masu lambu a Nijar da maƙwabtanta. Lambun tsakar gida ƙanen waɗannan ne.

Mu koma kan gorunan nan uku da suka ƙi zuba. Ruwa ba ya fita daga rufaffen mazubi sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Da ɗan kaɗan ya fita, sai iskar da ke ciki ta yi rauni, ta waje ta danne bakin hujin, zuba ta tsaya. Lotsawar da na gani alamar hakan ce. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san abin, haka mazubin ruwansu yake riƙe ruwa a kife. Irin wannan gorar takan ɗan yi aiki da rana, idan zafi ya kumbura iskar ciki ta turo ruwa, amma ba abin dogaro ba ne. Su kuma shidan da na huda wa gindi, iska ta samu hanya, babu abin da ke riƙe ruwan sai faɗin hujin, hujin allura kuwa, ko da ido na ganin sa ƙarami, yana iya zubar da lita ɗaya da rabi cikin 'yan sa'o'i.

Sai maganar tsawo, wadda ita ce zuciyar lamarin. A tsarin da babu famfo, nauyin ruwan ne kaɗai ke tura shi, kuma ƙarfin turin ya danganta ne da tazarar da ke tsakanin saman ruwan da bakin da yake fita. Faɗin mazubi ba ya ƙara komai. Randa mai faɗi da siririyar gora, idan saman ruwansu yana tsawo ɗaya, turinsu ɗaya ne. Tun a ƙarni na 17 masanin Italiya Torricelli ya nuna cewa idan ruwa na fita ta huji, sai tsawon ya ninka sau huɗu kafin gudun ya ninka sau biyu, haka kuma idan tsawon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, gudun ya koma rabi. Ga abin da wannan ke nufi a tsakar gida. Bokiti mai zurfin santimita 30, ka ɗora shi a kan bulo ɗaya, gindinsa ya ɗara bakin tiyo da santimita 20 kacal. Yana cike tazarar 50 ce, yana dab da ƙarewa 20. Gudun ɗigon zai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ɗauki bokitin nan ka kai gindinsa mita ɗaya sama da bakin tiyo. Yanzu tazarar daga 130 take sauka zuwa 100, raguwar kuma kusan kashi 12 cikin 100 ce kawai. Ɗaga mazubi sama yana sa ɗigon safe da na yamma su kusa zama ɗaya, wannan ita ce hikimar mita ɗayan nan ta Chapin. Gorar da aka kifa a kan ƙasa kuwa tazararta daga santimita 25 take gangarowa har sifiri, shi ya sa take farawa da gudu ta ƙare da jan ƙafa.

Wannan lissafin ne kuma ke bayyana abin da ke rikita mutane, a ga layi ɗaya amma wani bokitin ya jiƙe sharkaf, wani a bushe. Tsakar gida ba ta cika zama daidai ba, akan karkata ta wajen rariya. Bokitin da ke gangare ya fi samun turi. Idan mazubinka ba shi da tsawo, bambancin santimita 10 ma babba ne. Daidaita bakunan da bulo ko katako, kuma ka shigo da ruwan ta tsakiyar layi ya rabu dama da hagu, maimakon ya faro daga wannan ƙarshe ya isa wancan a gajiye.

Yanzu da me za a yi bakin ɗigon? Na gwada hanyoyi da dama, kuma ba daidai suke ba.

Wadda na fi amincewa da ita ga bokiti ƙasa da goma ita ce robar ƙarin ruwa ta asibiti, sabuwa fil a ledarta daga kantin magani. Kada a kusanci wadda aka yi wa mara lafiya amfani da ita, ko da kyauta ce, kuma a cire allurar a zubar da ita inda yaro ba zai taɓa ba. Amfaninta biyu ne. Tana da ɗan gungurin da ake murzawa a rage ko a ƙara gudu, sannan tana da ɗan kwalabar nan da ake ganin ɗigon yana faɗowa, a ƙirga. A jikin leda akan rubuta yawan ɗigon da ke cika mililita ɗaya, yawanci 20. Idan haka ne, ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa yana ba da mililita 180 a sa'a, lita ɗaya kenan cikin sa'a biyar da rabi. Ɗigo ɗaya duk daƙiƙa uku, dare da rana, ya kusa lita ɗaya da rabi. Aibinta shi ne rana tana cin robar ta sandare, gungurin yana sakin jiki a hankali sai an riƙa gyara shi, kuma tun da fara ce tana barin haske ya shiga, gansakuka ta tsiro a ciki. Ina lulluɓe tawa da tsumma ko in tura ta ƙarƙashin ciyawa.

Hanya ta biyu ita ce tiyo baƙi mai rabin inci, a shimfiɗa shi bisa bakunan bokitai, a huda shi daidai kowace shuka. A nan darasin Blass yake dawowa. Maimakon ka nemi huji mafi ƙanƙanta, huda da ƙusa mai zafi, ka zura zaren nailan ko igiyar takalmi ta cika hujin dam, ka bar jelarta ta sauka kan ƙasa. Ruwan zai bi ta cikin zaren a hankali, idan ya toshe ka ja shi gaba da baya ya buɗe. Ƙarshen tiyon a lanƙwasa shi a ɗaure da robar tayar keke, kada a liƙe shi, domin za a riƙa kwancewa ana wanke layin. Inda tiyo ya shiga jikin bokiti ma robar taya ce ke hana yoyo. Kuma hujin ya kasance kamar yatsa biyu sama da gindin mazubin, don laka ta samu wurin kwanciya.

Akwai lagwani, irin aikin fitilar ƙwai: igiya ɗaya, kai ɗaya a cikin ruwa, ɗaya a binne kusa da saiwa. Ya dace da na'a-na'a, latas da ƙananan tukwane. Igiyar auduga tana ruɓewa da wuri, ta nailan ta fi daɗewa. Ba ya iya ɗaga ruwa da nisa, kuma babban tumatir a watan Afrilu ya fi ƙarfinsa.

Sai ƙaramar tukunyar ƙasa, wadda ni a wurina ba a ba ta haƙƙinta ba. Kowa ya san yadda randa ke gumi, irin gumin da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da shi ya yi suna da tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya. Binne tukunya mai cin lita ɗaya ko biyu a tsakiyar buhu har wuya, cika ta, rufe bakin. Idan ƙasa ta bushe tana jan ruwa da ƙarfi ta jikin yumɓun, idan ta jiƙe jan ya ragu. Babu wata roba da ke yin wannan da kanta. Sharaɗin shi ne tukunyar ba a shafa mata fenti ko siminti ba. Kafin ka saya, zuba ruwa ka jira ka ga bayanta ya yi damshi. Matsalarta cin wuri, ta fi dacewa da buhu ko rabin duro fiye da bokiti.

Nawa shuka ke sha? Ma'aunin da masana ke amfani da shi mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. A yankinmu, tsakanin Maris da Mayu, abin da rana da iska ke ɗauka daga ƙasa da ganye a yini yakan kai milimita bakwai ko takwas, da sanyin hunturu kuma ya ragu. Babban tumatir mai 'ya'ya a bokiti yakan sha lita ɗaya zuwa biyu a yini, dashen da bai wuce sati biyu ba kuwa ko rabin haka bai kai ba. To bokiti goma a kan lita ɗaya da rabi, lita 15 kenan, jarka mai lita 25 ba za ta cika kwana biyu ba. Wanda zai yi tafiyar kwana huɗu yana bukatar lita 60, ƙaramin duro kenan, ba gora ba. Da na yi wannan lissafin kafin tafiyata, da na san ko gorunan sun yi aiki daidai, abincin yini ɗaya kawai na bar wa tumatir ɗin.

Amma lissafi mafari ne, bokitin ne zai faɗa maka gaskiya. Sa bakin kowane tiyo a cikin gorar rabin lita, duba agogo, ka ga minti nawa take cika. Yi wa na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Sannan ka duba gindin bokiti: idan ana ɗigo kuma ɗan ruwa kaɗan yana fitowa ta hujin ƙasa can wajen ƙarshe, ka yi daidai. Idan yana tsiyaya tun da wuri, taki kake wankewa. Idan ganye ya yi laushi da tsakar rana ya miƙe da yamma, wannan zafi ne, ba lallai ƙishirwa ba. Wanda ya wayi gari a langaɓe shi ne abin dubawa, kuma a tona tukuna, don saiwar da ruwa ya yi wa yawa ta ruɓe ma haka take sa ganye ya yi.

Irin ƙasar ma tana da ta cewa. A rairayi ɗigo yana nutsewa ne siriri kamar karas, a ƙasa mai laka yana bazuwa kamar albasa. Idan ƙasar bokitinka yashi ya yi mata yawa, baki ɗaya ba zai jiƙa ta duka ba, sai a raba biyu, ko a ƙara ruɓaɓɓen taki mai riƙe danshi. A ajiye bakin kamar faɗin tafin hannu daga jikin shukar, kada ya riƙa ɗiga a kan karan. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi. Wannan rufin kaɗai yana rage shan ruwa ƙwarai, yana kuma kare tiyo daga rana, domin ruwan da ya kwana a baƙin tiyo ya sha ranar azahar yakan yi zafin da hannu ma ke ji.

Abin da ke kashe yawancin irin wannan aiki, tun daga na manyan gonaki har na tsakar gida, toshewa ce. Ruwan rijiya da na 'yan garuwa yana zuwa da yashi, ƙurar hunturu tana faɗawa buɗaɗɗen bokiti, haske yana haifar da gansakuka, ruwan wasu burtsatse kuma yana barin farin ɓawo a bakin huji. Bar ruwa ya kwanta, tace shi da tsumma mai tsabta a bakin mazubi, a ɗaura wani ƙyallen a bakin tiyo ta ciki. Mazubin ya zama mai duhu, da murfi, a bar ɗan hujin iska a rufe shi da yankin gidan sauro. Wannan ba don tiyo kaɗai ba ne. Sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kamar mako guda a ruwan da ke tsaye, bai kamata lambun miya ya zama sanadin zazzaɓi a gida ba. Ruwan alwala, na wanke shinkafa da ganye, da wanda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa duk suna da amfani idan an tace. Ruwan omo da na bilic a kai su rariya. Jiƙon taki kuma a zuba shi da hannu kai tsaye, idan ya bi ta tiyo kwana kaɗan zai toshe shi.

Akwai kuma gishiri. Tun da ɗigo ba ya wanke ƙasa, gishirin da ke cikin ruwa da takin zamani yana taruwa a gefen inda danshi ya tsaya, ka ga farin zobe kamar kanwa a saman ƙasa, bakin ganye ya fara ƙonewa. Duk sati biyu ko uku a ɗauki buta a yi wa kowane bokiti ban ruwa mai yawa har ya zubo sosai ta ƙasa. Kuma ɗigo ba ya maganin zafi: idan rana ta haura digiri 35, furen tumatir yakan zube ko da ƙasa na da danshi. A nan ne amfanin lambun da ake ɗauka yake fitowa, a ja bokitan zuwa inda za su sami ranar safe su tsira daga ta yamma.

Wannan ɗaukar ita ce dalilin da ya sa ba na son a liƙe komai da gam. Mai haya bai san ranar tashi ba, kuma rana kanta tana sauya gefe tsakanin hunturu da bazara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka cike kilo 25, saboda haka abin da za a ɗora ta a kai ya zama mai ƙarfi, a jingine da bango, inda yara ba za su jawo shi ba. Bokitin lita 20 da jiƙaƙƙiyar ƙasa mutum ɗaya zai iya ɗagawa, buhun shinkafa cike da ƙasa kuwa sai an yi biyu, kuma yakan yage idan rana ta ci shi, don haka rabinsa ake cikawa a naɗe bakin. A guji duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai. A ɗora bokitai a kan bulo nesa kaɗan da bango, kada danshi ya ɓata ginin mutane, rufin soro na ƙasa kuma ba wurin lambu ba ne.

Nawa tsarin yanzu jarka biyu ne a kan wani tsohon teburin ƙarfe, layi biyu na bokiti biyar biyar, kowane layi da jarkarsa, ta yadda idan ɗaya ya toshe ba duka za su tafi ba. Ranar Juma'a da safe nake kwance ƙarshen tiyo in bar ruwa ya wanke shi, in ja zaren kowane huji. Idan tafiya ta taso, kwana biyu kafin in tashi nake haɗa duro in bar shi yana aiki ina kallo, in auna abin da ya ragu a yini, sannan in roƙi wani a gidan ya riƙa leƙa gindin bokitai sau ɗaya kowace safiya.